Jef Raskin da rigimar maɓalli guda

Duk wanda ya saba da kwamfuta mai aiki da Windows, idan ya zauna gaban kwamfutar tafi-da-gidanka ta kamfanin Apple, abin da yakan fara ɗaure masa kai shi ne rashin maɓallin dama.

Asalin wannan al'amari yana komawa ne ga wata muhawara da aka tafka a jihar California ta Amurka fiye da shekaru 40 da suka wuce, kan adadin maɓallan da ya kamata a ɗora a kan linzamin kwamfuta, wato 'yar na'urar nan da Turawa suka laƙaba wa sunan ɓera saboda wayarta mai kama da wutsiya.

Ɗaya daga cikin jiga-jigan wannan muhawara shi ne Jef Raskin, mutumin da ya assasa aikin ƙera kwamfutar Macintosh, ya kuma raɗa mata suna, amma ya bar kamfanin shekaru biyu kafin ta shiga kasuwa.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Jef Raskin a birnin New York ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1943.

Ya karanci lissafi da falsafa a jami'ar Stony Brook da ke jihar New York, sannan a shekarar 1967 ya samu digiri na biyu a fannin kimiyyar kwamfuta daga jami'ar jihar Pennsylvania.

A wancan zamani kwamfuta katafariyar na'ura ce mai cika ɗaki, kuma haruffa da lambobi ne kawai akasarin irinta ke iya fitarwa. Shi kuwa binciken da Raskin ya yi na kammala digirin ya shafi yadda za a sa kwamfuta ta yi zane ne.

Mutum ne mai hannu da yawa. Ya ƙware wajen busa sarewa da kaɗa molo irin na Turawa mai madannai, ya jagoranci wata ƙungiyar makaɗa a San Francisco, yana kuma ƙera ƙananan jiragen sama na wasa waɗanda ake sarrafawa daga nesa.

Ya koyar a sashen zane-zane na jami'ar California da ke San Diego har zuwa shekarar 1974. Labarin da ya shahara game da barinsa aikin shi ne cewa balan-balan mai tashi da iska mai zafi ya hau, ya bi ta saman gidan shugaban jami'ar domin sanar da murabus ɗinsa.

A farkon shekarun 1970 ya yi zaman bincike a jami'ar Stanford, inda ya samu damar kai ziyara cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, wadda ake kira PARC. Abin da ya gani a can ya yi tasiri a kan duk aikin da ya yi daga bisani.

Shigarsa Apple

Ta ƙofar rubutu Raskin ya shiga Apple. Yana rubuta wa wata mujallar kwamfuta mai suna Dr. Dobb's Journal maƙaloli, yana kuma da wani ɗan ƙaramin kamfani mai rubuta littattafan jagora ga masu sayen na'urori.

Ta haka ya san Steve Jobs da Steve Wozniak tun kamfaninsu bai taka kara ya karya ba, har suka ba shi aikin rubuta littafin koyon harshen BASIC na kwamfutar Apple II.

A watan Janairun 1978 ya zama cikakken ma'aikaci, na 31 a jerin ma'aikatan kamfanin, aka kuma damƙa masa sashen wallafe-wallafe.

Wannan aiki ya koya masa wani darasi. Mai rubuta littafin jagora shi ne yake fara gano inda na'ura take da murɗiya, domin duk abin da sai an cika shafi uku kafin a bayyana shi, to tun wajen ƙira aka kuskure.

Shi ne kuma ya jawo tsohon ɗalibinsa Bill Atkinson zuwa Apple, wanda daga baya ya rubuta manhajojin zane da kwamfutocin Lisa da Macintosh suka dogara a kansu.

Haihuwar Macintosh

A shekarar 1979 shugaban hukumar gudanarwar Apple, Mike Markkula, ya nemi Raskin ya duba yiwuwar ƙera wata na'urar wasa mai araha. Raskin ya nuna cewa abin da ya fi sha'awa shi ne kwamfutar da talaka zai iya saya, ya kunna ta, ya fara aiki ba tare da ya je makaranta ba.

A watan Satumba na wannan shekara aka amince da aikin. Raskin ya ɗauko sunan daga wani nau'in tuffa da yake so mai suna McIntosh, ya ɗan sauya rubutun saboda akwai wani kamfanin kayan sauti mai wannan suna.

Burinsa na farko shi ne a sayar da ita a kan dala 500. Ya tattara 'yan mutane ƙalilan, cikinsu har da Burrell Smith da Bud Tribble da Joanna Hoffman da Brian Howard, ya kuma riƙa rubuta tunaninsa a wasu takardu da aka tara wuri guda.

Kwamfutar da yake hange ƙarama ce, mara nauyi, a rufe take kamar akwatin rediyo, babu abin da mai ita zai buɗe ya ƙara ko ya rage. Domin rage kuɗi, ya zaɓi ƙwaƙwalwar Motorola 6809, wadda ba ta da ƙarfi sosai amma tana da araha.

Raskin yana cikin waɗanda suka matsa wa shugabannin Apple su je su ga abin da Xerox ke yi. A watan Disambar 1979 Steve Jobs ya kai ziyarar da ta shiga tarihi, ya dawo da aniyar cewa kwamfutocin Apple masu zuwa za su zo da hotuna a fuskarsu da kuma linzami.

Uku, biyu ko guda?

Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta a cibiyar bincike ta Stanford, abokin aikinsa Bill English kuma ya sassaƙa na farko da katako a shekarar 1964. Wanda Engelbart ya nuna wa duniya a San Francisco ranar 9 ga Disambar 1968 maɓalli uku gare shi.

Kwamfutar Alto ta Xerox, wadda aka ƙera a 1973, ita ma uku ta ɗauka. Da kamfanin ya fitar da Star a 1981, sai ya rage zuwa biyu.

Abin da Raskin ya ce ya lura da shi a PARC shi ne cewa hatta ƙwararru suna yawan kuskuren maɓalli. Babu rubutu a kan ko ɗaya daga cikin ukun, kuma aikin kowanne yana sauyawa daga wannan manhaja zuwa waccan.

Hujjarsa mai sauƙi ce: idan maɓallin guda ne, babu yadda za a yi mutum ya danna wanda ba daidai ba. Ya tsaya a kan cewa da dannawa da kuma riƙewa a ja, ana iya yin duk abin da ake yi da uku.

Ba shi kaɗai ne ke da hannu a wannan shawara ba. Larry Tesler, wanda ya baro Xerox ya koma Apple a 1980, ya gudanar da gwaje-gwaje da mutanen da ba su taɓa riƙe linzami ba, kuma tsofaffin ma'aikatan kamfanin da dama suna ba shi da Bill Atkinson kaso mai tsoka na wannan aiki. Raskin dai ya ci gaba da cewa shi ne ya kawo shawarar har ƙarshen rayuwarsa.

Wani abin lura shi ne cewa shi kansa bai cika son linzamin ba. Yana ganin ɗauke hannu daga allon haruffa a kai shi ga linzami a sake dawowa ɓata lokaci ne ga mai rubutu. A wajensa, in dai ya zama dole a yi linzami, to a yi mafi sauƙi.

Kwamfutar Lisa ta fito a watan Janairun 1983 da linzami mai maɓalli guda. A wannan shekarar kuma kamfanin Microsoft ya fitar da nasa mai biyu. Daga nan hanya ta rabu.

Saɓani da Steve Jobs

A shekarar 1980 aka janye Steve Jobs daga aikin Lisa, sai ya karkata ga 'yar tawagar Raskin. A daidai wannan lokaci Burrell Smith ya gano dabarar amfani da ƙwaƙwalwar Motorola 68000 mai ƙarfi, irin ta Lisa, ba tare da kuɗin ya yi tashin gwauron zabo ba.

Jobs ya rungumi wannan sauyi, Raskin kuwa ya ga cewa zai ture farashin daga inda talaka zai iya kaiwa. Zuwa farkon 1981 ragamar aikin ta koma hannun Jobs.

A watan Fabrairun 1981 Raskin ya rubuta wa shugaban kamfanin, Mike Scott, wata takardar koke, inda ya zargi Jobs da saɓa alƙawarin ganawa, da yanke hukunci cikin gaggawa, da kuma ɗaukar tunanin wasu ya mai da shi nasa.

Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. Shugabannin kamfanin suka goyi bayan Jobs, Raskin ya tafi hutu, sannan a 1982 ya bar Apple baki ɗaya.

Ranar 24 ga Janairun 1984 Macintosh ta fito a kan dala 2,495, kusan ninki biyar na farashin da ya fara buri.

Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta manhajarta, ya bayyana daga baya cewa Raskin ya cancanci yabo a kan assasa aikin da haɗa tawagar, amma kwamfutar da ta fito ta sha bamban da wadda ya tsara. Kamfanin dai ya karrama shi da kyautar Macintosh ta cikon miliyan ɗaya.

Kyanwar da ba ta da ɓera

Bayan barinsa Apple, Raskin ya kafa kamfaninsa mai suna Information Appliance, domin ƙera irin kwamfutar da yake so tun farko.

Sakamakon wannan aiki shi ne Canon Cat, wadda kamfanin Canon na Japan ya fitar a 1987 a kan dala 1,495.

Ba ta da linzami ko kaɗan. A ƙasan dogon maɓallin ba da tazara akwai wasu maɓallai biyu na tsallake, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Idan mutum yana neman wata kalma, sai ya danne ɗayansu da babban yatsa, ya fara rubuta kalmar, nan take kwamfutar ta kai shi wurin.

Babu batun buɗe manhaja ko raɗa wa fayil suna. Duk abin da mutum ya rubuta yana jere ne wuri guda, kuma idan ya dawo zai tarar da aikinsa a inda ya bar shi.

Kimanin guda 20,000 aka sayar kafin Canon ya dakatar da ita bayan wata shida kacal. Raskin ya ɗora alhakin hakan a kan yadda aka tallata ta, domin sashen keken rubutu na kamfanin aka bai wa aikin sayar da ita.

Neman maɓallan da babu

A can Apple kuwa, maɓalli guda ya zama al'ada, sai dai ayyukan da ake buƙata daga linzami ba su ragu ba. Abin da aka cire daga jikin na'urar sai ya koma kan yatsun mai amfani da ita.

Tun farko an dogara da danna maɓallin sau biyu a jere domin buɗe fayil, da kuma danne maɓallin Shift domin zaɓen abubuwa da yawa lokaci guda.

Matsalar ta ƙara fitowa fili bayan Windows 95 ta saba wa miliyoyin mutane da danna maɓallin dama domin fito da jerin zaɓi. Wasu manhajoji irin su Netscape sun riƙa fito da irin wannan jeri a kan Macintosh idan mutum ya danne maɓallin ya ɗan jira.

A shekarar 1997, cikin babbar manhajar Mac OS 8, Apple ya shigo da tasa hanyar: a danne maɓallin Control a kan allon haruffa sannan a danna linzami. Har yau wannan dabara tana aiki.

Mai kwamfutar tebur yana iya sayen linzamin wani kamfani ya jona. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ne ya sha wahala a wancan lokaci, domin tun daga PowerBook 500 ta shekarar 1994, wadda ta zo da faifan da ake shafawa da yatsa, maɓalli guda ne a manne a jikin na'urar.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu ɗora Linux ko manhajojin Unix a kan irin waɗannan kwamfutoci. Tsarin nuna hotuna na X an gina shi ne a kan maɓalli uku, kuma na tsakiya shi ne ke liƙa rubutun da aka zaɓa.

A kan linzami mai maɓalli biyu, akan danna duka biyun tare domin su tsaya a madadin na tsakiya. Mai guda ɗaya ba shi da wannan gata.

Saboda haka aka riƙa aron maɓallai daga allon haruffa. Masu Linux a kan PowerBook da iBook sukan mayar da wasu maɓallan layin sama, kamar F11 da F12, su zama na tsakiya da na dama. Manhajar X ta Apple kuwa ta ba da zaɓin danne Option domin na tsakiya, Command kuma domin na dama.

Yadda abin yake aiki shi ne, wata 'yar manhaja tana tare saƙon da maɓallin ya aika kafin ya isa inda za shi, ta sauya shi zuwa saƙon maɓallin linzami. Manhajar da ke karɓa ba ta da hanyar sanin cewa babu wannan maɓalli a zahiri.

Littafinsa

A shekarar 2000 Raskin ya wallafa littafinsa mai suna The Humane Interface, wanda har yanzu masu tsara manhajoji ke komawa gare shi.

Ginshiƙin littafin shi ne cewa hankalin ɗan Adam abu guda yake iya fuskanta a lokaci guda, sauran ayyuka kuwa sabo ne ke tafiyar da su. Don haka na'urar da ke sa danna abu guda ya haifar da sakamako daban-daban, gwargwadon wani yanayi da mutum ya manta yana ciki, tarko ce aka ɗana masa.

Misalin da ya fi sauƙin ganewa shi ne maɓallin Caps Lock. Mutum ya danna shi ya manta, sai ya ɗago kai ya ga layi guda duk da manyan baƙaƙe. Shift ba ya jawo irin wannan kuskure, domin yatsan da ke danne da shi yana tuna wa mutum, kuma da zarar ya ɗaga komai ya koma daidai.

Idan aka auna da wannan ma'auni, dabarar danne Control a danna linzami ta dace da koyarwarsa, tun da yanayin da take haifarwa yana ƙarewa ne da ɗaga yatsa. Inda ta gaza shi ne babu wata alama a jikin na'urar da za ta gaya wa baƙo cewa akwai ta.

Ya soki danna linzami sau biyu a jere, saboda yadda yake wahalar da masu koyo da waɗanda hannunsu ba ya da sauri. A wani rataye na littafin ya waiwayi tarihin maɓalli guda, inda ya nuna cewa linzami mai maɓalli fiye da ɗaya zai iya yin kyau matuƙar an rubuta aikin kowanne a jikinsa kuma aikin ba ya sauyawa.

Ya kuma gindaya wasu ƙa'idoji biyu: kada kwamfuta ta lalata aikin mutum ko ta bari ya salwanta, kada kuma ta ɓata masa lokaci ko ta ɗora masa aikin da ya wuce kima.

Mutuwarsa da abin da ya biyo baya

A shekarunsa na ƙarshe Raskin ya duƙufa a kan wata manhaja da ta gaji tunanin Canon Cat, wadda aka sauya wa suna zuwa Archy a farkon 2005.

A watan Disambar 2004 likitoci suka gano yana da sankarar gaɓar ciki mai samar da sinadarin insulin. Ya mutu a garin Pacifica na jihar California ranar 26 ga Fabrairun 2005, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 62. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku.

Steve Jobs, wanda suka yi saɓani da shi, shi ma wani nau'in sankara a wannan gaɓa ce ta yi ajalinsa a watan Oktoban 2011.

Wata biyar da 'yan kwanaki bayan mutuwar Raskin, a watan Agustan 2005, Apple ya fitar da Mighty Mouse, linzaminsa na farko mai gane dannawar hagu da ta dama. Duk da haka an lulluɓe shi da murfi guda, ta yadda mai kallo zai ɗauka maɓalli ɗaya ne.

A kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa, a 2006 an samu damar ɗora yatsu biyu a kan faifan a danna, hakan ya tsaya a madadin maɓallin dama. A watan Oktoban 2008 aka cire maɓallin daban, faifan gilashin gaba ɗayansa ya zama abin dannawa.

A 2015 kamfanin ya fitar da faifan da ba ya nutsewa idan an danna shi. Wata 'yar na'ura ce a ƙarƙashinsa take girgiza kaɗan, yatsa ya ji kamar ya danna wani abu. Ma'ana, hatta maɓallin guda da Raskin ya yi fafutika a kansa ya zama kwaikwayo.

Ɗansa Aza Raskin ya ci gaba da aikin Archy na ɗan lokaci, daga baya ya yi aiki da Mozilla, sannan a 2018 yana cikin waɗanda suka kafa wata cibiya mai fafutikar rage illar da manhajojin zamani ke yi wa hankalin jama'a.

Tambayar da Jef Raskin ya tayar ba ta mutu tare da shi ba. Wayar salula ta zamani ba ta da linzami ko maɓallin dama, amma duk wanda ya danne saƙo da yatsa ya ɗan jira har jerin zaɓi ya fito, yana amfani ne da irin dabarar da aka ƙirƙiro domin cike gurbin maɓallan da aka cire a farkon shekarun 1980.

Masu goyon bayansa suna cewa maɓalli guda ya buɗe wa miliyoyin mutanen da ke tsoron kwamfuta ƙofa. Masu sukarsa kuma suna cewa ɓoye wahalar kawai aka yi, domin mai koyo yana iya ganin maɓalli na biyu ya gwada shi, amma dabarar yatsu sai an gaya masa. Har yau kamfanonin ƙera na'urori suna auna waɗannan hujjoji biyu duk lokacin da za su fitar da sabon abu.